Misye Razak da Shayi Mai Kumfa

A duk unguwar Hausawa ta New Bell babu wanda bai san Abdurrazak ba. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Akawu ne a wani kamfanin fiton kaya da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Duwala, amma in ka ji shi yana ba da labari a majalisa bayan la'asar, sai ka rantse babu jirgin da ke barin gaɓa sai ya ɗaga masa hannu. A ofis ana ce masa Misye Razak, sai ya kwaso sunan ya kawo gida, ya ce kowa ya riƙa kiransa da shi. Babu abin da bai iya ba. Shi ya gyara rediyon liman har ta daina kama komai sai wani kuka irin na kwaɗi. Shi ya yi wa ɗan maƙwabcinsa askin salla, yaron ya yi ta yawo da hula har gashi ya sake tsirowa. In an tuna masa sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kayan aikin ne ba su kai ni ba."

Wata rana aka aike shi da takardu wani babban otal a Bonanjo, aka ce ya zauna ya jira mai sa hannu. Yana zaune sai aka dire masa dogon kofin gilashi, ƙasa shayi ja wur, sama kumfa fara sol kamar an ɗora auduga, an barbaɗa kirfa a kai. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa. Ya yafito mai hidimar ya tambayi sunan abin, aka ce masa te latte. Ya leƙa bayan kanta ya ga yadda ake yi: a dafa ganyen shayi ya yi ƙarfi, a ɗumama madara, a tsoma mata wani ɗan inji kamar buroshin goge haƙori mai juya kai, kumfa ta taso, a juye ta a kan shayin. Kallo ɗaya ya yi. Kafin babur ya sauke shi a New Bell ya riga ya zama shehi a fannin.

A makon ne kuma matarsa Khairiyya ta haihu, ɗa namiji, na fari. Da labari ya kai Ngaundere, mahaifinta Alhaji Jibirin, dillalin shanu mai ƙarancin magana, ya bugo waya ya ce bayan suna za ta zo gida wanka kamar yadda aka saba.

Razak ya durƙusa da wayar a kunne kamar Alhajin na ganinsa. "Baba, a yi mini afuwa. Zamani ya canja. Ni zan kula da ita a nan. Duk abin da za a yi mata a can, na iya wanda ya fi shi."

Alhaji ya ce, "Zan zo suna. In na ga gidanka gida ne, in bar ta. In na ga akasin haka, jirgin ƙasa na nan."

Wani da ya ji haka sai ya nemi rago mai kyau, ya nemi goro, ya kama bakinsa. Razak kuwa sai ya tafi kai tsaye wurin yayarsa Rakiya, wadda ta tare a gidan tana jagorantar girkin suna, ya tsaya a kanta tana tsince shinkafar masa.

"Yaya, ranar suna babu shayin Husaini."

Husaini shi ne mai teburin shayi na bakin masallaci, kuma duk sunan da aka yi a layin shi ke dafa wa maza shayi.

Rakiya ba ta ɗago ba. "To me za a ba mutane? Ruwan famfo?"

"Latte."

"Latti? Ai wannan kullum cikinsa kake. Ko ɗaurin aurenka sai da aka shafa fatiha ka iso."

"Ba latti ba, Yaya. Latte. Avec la mousse. Shayi ne mai kumfa a kai."

"Kumfa a shayi? Ba a ɗauraye kofin ba ke nan."

Matan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya. Razak ya gyara wuyan rigarsa ya ce jahilci ciwo ne, amma ranar Asabar za a raba magani kyauta. Surukinsa ya sha madara tun yana goye, amma bai taɓa shan ta tana tsaye a kan shayi ba. Kurɓa ɗaya zai yi ya san hannun da 'yarsa take.

"Kai Abdu," in ji Rakiya, "ɗan fari ne fa. Uban kirki ɓuya yake yi ranar suna don kunya."

"Kunya ta wanda bai iya komai ba ce."

Daga cikin ɗaki Khairiyya ta ɗaga murya a hankali. "Misye, don Allah ka gwada ko kofi ɗaya ne kafin ranar."

"Gwaji na mai shakka ne, ma chérie. Ke dai ki huta."

Da yamma a gaban majalisa ya sallami Husaini, har da yi masa ta'aziyyar sana'a, wai daga ranar Asabar babu wanda zai ƙara kallon shayin da ba shi da hula. Husaini ya ci gaba da goge teburinsa ya ce, "Madalla. Na daɗe ban je suna a matsayin baƙo ba. A ajiye mini kujerar gaba."

Ana gobe suna Razak ya shiga kasuwar Mboppi, ya fito da kwalin ganyen shayi, da buhun madarar gari, da ƙullin kirfa, da ɗan injin kumfa mai batir wanda ya sha yawo kafin ya samu. Mai shagon ya ce masa na kofi ɗaya ne. Razak ya ce kada a raina allura, ƙarfe ce. Ya sa shi a aljihun gaba kusa da biro, kansa a waje, don duk wanda ya gamu da shi ya tambaya.

Ruwa ya kwana yana zuba, irin na Duwala da ba ya sallama. Da gari ya waye, tamfol ɗin rumfar da aka kafa a ƙofar gida ya yi ciki kamar saniya mai shirin haihuwa, ruwa ya taru a tsakiyarsa. Rakiya ta ce a tokare shi da sanda a zubar kafin mutane su zauna. Razak ya ce shi ya ɗaure rumfar da hannunsa, ɗauri irin na matuƙan jirgi, ko kogin Wuri aka juye a kai ba za ta motsa ba. A jikin ɗaya daga cikin sandunan rumfar kuma ya ɗaure ragon suna, wani ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho, don baƙi su gani.

Bayan an sauko daga asuba maza suka fara cika kujeru. Alhaji Jibirin ya iso da 'yan rakiyarsa, dogo, farin gemu, farar babbar riga mai sheƙi wadda ko ƙuda ya sauka a kai sai ya zame. Aka zaunar da shi a tsakiya kusa da liman. Husaini ya zo da sabuwar hula, ya zauna a gaba, ya harɗe ƙafa.

A cikin gida kuwa Razak ya ɗaura zanen Rakiya a ƙugu bisa wandon kwat da laktaye, ya kori mata daga murhu biyu. A tukunya ta farko ya juye ganyen shayin gaba ɗaya, kwalin duka. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, har ludayi in ya shiga sai ya fito da wani launi.

Rakiya ta leƙa. "Rini za ka yi? In kawo tsofaffin zannuwana?"

"Corsé ake cewa. Sai ya yi ƙarfi yake ɗaukar madara."

"Wannan ai mutum zai ɗauka."

A tukunya ta biyu, babbar tukunyar biki, ya dama madara ya ɗora. Sai ya juya wa murhu baya ya fara yi wa mata lacca a kan yadda ake gane madara ta yi. Ya ce ba a barin ta ta tafasa, sirrin ke nan da Turawa ke ɓoyewa, kuma gwani ba ya buƙatar kallo, da kunne yake ji.

"To kunnenka na ji?" in ji Balkisu maƙwabciyarsu. "Don ga ta nan tana tahowa."

Ya waiwaya. Madara ta kumbura ta haye bakin tukunya, ta gangaro fuuu, ta kashe wutar, hayaƙi da ƙauri suka tashi suka cika gidan. Jariri ya tsala kuka daga ɗaki. Razak ya ce itacen Duwala ne ba shi da ladabi. Ya ƙara ruwa, ya zazzage sauran madarar buhun, aka sake hura wuta.

Sannan ya zaro ɗan injin daga aljihu, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani, ya danna. Ya yi ƙara ziii kamar sauro. Ya tsoma kansa a tukunyar da za ta ci yaro ɗan shekara biyar a zaune. Wasu 'yan ƙwayoyin kumfa suka taso a gefe, suka leƙa duniya, suka fashe. Ya ƙara nutsa hannu. Tururi ya lashe masa yatsu, ya yi ihu ya saki. Injin ya nutse. Aka ji shi a ƙasan tukunya yana ziii, ziii, yana zagaya, sannan ya yi shiru.

"Inna lillahi," in ji Rakiya. "Ya rasu. Allah ya ba ka haƙuri."

Aka tsamo gawar da ludayi. Daga waje aka aiko cewa liman na tambaya ko a fara addu'a. Razak ya ce a ce wa Malam ya ɗan taɓa wa'azi tukuna. Ya juya ga Balkisu ya ce ta ba shi aron injinta na markaɗe.

"Misye, yanzu na markaɗa attarugun miya da shi, ban wanke ba. Murfin ma—"

"Madam, inji inji ne. Ni da ke sallamar jirage?"

Ya ɗauko shi da kansa, ya ɗauraye sama-sama, ya cika shi da madara mai zafi har baki, ya jona a soket ɗin baranda. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan murfin kamar mai sa hannu a takarda, ya danna. Murfin ya tashi sama ya bugi kwanon rufi, tau! Madara ta bi bayansa. Ta wanke rufin baranda, ta wanke shanyar kayan jariri, ta wanke fuskar Razak tun daga goshi har laktaye. Ya fara tsalle yana murza ido.

"Idona! Wayyo idona! C'est quoi ça?"

"Attarugu," in ji Balkisu. "Na fara gaya maka."

Yana hawaye ja, ya lalubi injin ya juye abin da ya rage a cikin babbar tukunya, wai ba a zubar da albarka. Ya ce yanzu ya gane matsalar, murfin yana son a danne shi da dutse. Yana cikin neman dutsen sai fankar baranda ta yi kasala ta tsaya. An ɗauke wuta.

Rakiya ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Allah ya saka wa wanda ya ɗauke ta da alheri. Abdu, ka ji tsoron Allah, ka haɗa shayin nan da madara a kai wa mutane haka."

"Ba kumfa? In ba surukina latte ba kumfa? Gara in ba shi 'yarsa."

"Ai hanyar da ka kama ke nan."

Bai ji ta ba. Idonsa ya sauka a kan ƙaton maburgin miyar biki da ke jingine a bango, mai tsawon sandar makiyayi. Daga waje kuma ya ji tarin babur. Ya tsaya cak, fuskarsa ta washe, irin washewar da duk mutanen layin suka san ba alheri ba ce.

Mai babur ɗin Ɓoɓɓo ne, Bafillacen Marwa da ke haya a ɗakin ƙofar gida, yana sana'ar bensikin, wato ɗaukar fasinja a babur. Yana shirin fita aiki Razak ya damƙe masa kan babur ya yi masa bayani. Ɓoɓɓo ya saurara, ya cire hularsa ya sosa kai.

"Patron, babur nan shi ne gonata, shi ne saniyata. Mutum yake ɗauka. Bai taɓa dafa shayi ba."

"Yau zai shiga tarihi. Kai dai ka hau ka murɗa totur in na ce."

"In ya lalace fa?"

"Ni zan gyara."

"Kay! To gara ya lalace kawai."

Babur ba ya shiga lungun gidan, don haka tukunya ce ta fito. Maza huɗu suka ɗauko ta da tsumma suka dire a ƙofar gida, daidai gaban rumfa, aka ajiye ta shayin a gefenta. Liman, wanda ya riga ya gama haƙƙin maƙwabtaka ya shiga ladubban cin abinci, ya tsaya da wa'azi. Kowa ya juyo. Suka ga uban jariri da zane a ƙugu, ido ja, madara na ɗiga daga kunnensa, yana ba da umarni da Faransanci.

Aka ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya har tayar baya ta bar ƙasa. Razak ya yanko doguwar robar taya ya zagaya ta a jikin tayar, ya murɗo ta ya zagaya a sandar maburgi. Ya zura saman maburgin a guntun bututun famfo don ya samu abin riƙewa, ya tsoma ƙasan a madara. Ɓoɓɓo ya hau yana salati.

"Abdurrazak," in ji liman, "rana na yi. A raɗa wa yaron nan suna."

"Allah gafarta Malam, yanzun nan. Baba, barka da hutawa. A ɗan yi haƙuri a ga ilimi." Ya juya. "Ɓoɓɓo, première! Sa giya ta ɗaya!"

Babur ya yi gurnani, taya ta juya, roba ta ja, maburgi ya fara juyawa lugu-lugu. Mutane suka miƙa wuya. Sai ga abin mamaki: kumfa ta fara tasowa. Fara, mai laushi, tana hawa a hankali har ta rufe fuskar madarar. Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah!" Wani ya ce, "Wallahi ta yi!" Matan da suka cunkushe a bakin ƙofa suka zaro ido, har Rakiya. Alhaji Jibirin kansa ya ɗan sunkuyo ya duba.

Da Razak ya tsaya a nan, da yanzu wani labarin ake bayarwa a New Bell. Amma ya ga surukinsa ya sunkuyo.

"Wannan ai gaisuwa ce. Ɓoɓɓo, deuxième!"

"Patron, ya isa."

"Deuxième na ce!"

Maburgi ya ƙara wuta. Kumfa ta haye bakin tukunya ta yi tozo. 'Yan ɗigo suka fara tashi, ɗaya ya sauka a kan sabuwar hular Husaini. Husaini ya ja kujerarsa baya kaɗan. Rago ya daina tuƙa, ya zuba wa babur ido, ya fara ja da baya yana gwada igiya.

"Abdu, ka tsaya haka!" in ji Rakiya daga ƙofa.

"A Bonanjo ma ba su taɓa ganin irin wannan ba! Troisième! Quatrième! Ba shi duka!"

Ɓoɓɓo ya rufe ido ya murɗa.

Maburgi ya yi wani kuka, ya fizge daga tsakiyar tukunya ya karkata. Kumfa ta tashi kamar an buɗe famfon kashe gobara. Ta fara da layin gaba, ta shafe Husaini tas, ta bi liman, ta bi 'yan Ngaundere ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon goro. Razak na rungume da bututu, jikinsa na kakkarwa, haƙoransa na haɗuwa, yana ihun "Doucement! Doucement!" wato a yi a hankali, amma ƙarar babur ta cinye muryarsa, Ɓoɓɓo kuwa ido a rufe ya ɗauka cewa ake a ƙara.

Sai roba ta tsinke, fyau, ta zabgi rago a gindi. Rago ya yi tsalle ɗaya ya tafi da sandar rumfa. Ɗaurin matuƙan jirgi bai kwance ba, gaskiyar Razak ke nan, sandar ce ta tumɓuke gaba ɗaya. Tamfol ya karkato, ruwan da ya kwana a cikinsa ya sauko a kan manyan baƙi, yaaa, kamar an juye randa. A daidai lokacin babur ya girgiza ya sauka daga ƙafarsa, taya ta taɓa ƙasa tana cikin giya ta huɗu. Ya yi gaba da Ɓoɓɓo, ya ture tukunyar shayi, ya ratsa tsakanin kujeru, ya bi bayan rago. Aka ga rago a gaba yana jan sanda, babur a baya, Ɓoɓɓo na ihu da Fillanci, har suka sha kwanar masallaci. Baƙin shayi ya malala a layi ya bi ƙarƙashin kujeru ya rina takalma da gefen riguna. Razak ya ja da baya don ya tsere masa, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikin tukunyar madara, ƙafafu a sama.

Layin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga tamfol. Wata mata mai sayar da makala, wato fanke, a tsallaken hanya ta leƙo ta yi masa sannu irin ta mutanen Duwala, ta ce, "Ashiya, Misye Razak." Shi ke nan. Dariya ta ɓarke tun daga ƙofar gida har bakin titi. Husaini ya zame daga kujera yana riƙe da ciki. Rakiya ta zauna a dokin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. Ta tagar ɗaki ana jin Khairiyya tana cewa, "Wayyo cikina, ku bari, wayyo cikina," ba kuma ciwo ke sa ta faɗa ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, bai kuma motsa daga inda yake ba. Alhaji Jibirin na zaune a miƙe, rigarsa ta manne a jiki, ƙasanta ya koma ruwan ƙasa, kumfa ta yi masa rawani a kan hula, wata ta maƙale a gemu. Ya sa yatsa ya lakato ta gemun, ya duba ta, ya kai baki.

"Wannan shi ne abin?"

Razak ya yunƙura daga cikin tukunya, ta ƙi sakinsa. Daga nan ya amsa. "Shi ne, Baba. Latte. Sai dai ba a kai ga haɗawa ba."

Alhaji ya ɗan tauna. "Da daɗi. Har da yaji."

Fuskar Razak ta haskaka. Ya waiga ya dubi jama'a don ya tabbatar kowa ya ji.

Alhaji ya juya wajen ƙofa. "Rakiya, ki ce wa Khairiyya ta haɗa kayanta."

Sai da aka yi mutum uku, biyu na riƙe da tukunya ɗaya na jan hannu, kafin aka zare Razak. An samo ragon a bakin wani gareji yana cin kwali, aka samo Ɓoɓɓo a cikin tarin kabejin wata mata, shi da babur duka da rai. Hantsi ya yi sosai kafin liman, cikin rigar aro da ta tsaya masa a gwiwa, ya raɗa wa yaro suna Jibirin. Mutane suka ci wainar masa, suka kora da ruwan leda. Da mata suka tambayi juna a cikin gida wane suna aka sa, wata tsohuwa mai nauyin kunne ta ce ita dai tun safe Kumfa take ji ana ta kira. Har yau a layin babu mai ce wa yaron Jibirin sai kakansa.

Washegari Razak ya raka su tashar jirgin ƙasa. Da aka kira fasinja ya karɓi jaririn ya riƙe, ya daɗe yana kallonsa, har Khairiyya ta ga idonsa ya kawo ruwa, wannan karon ba attarugu. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Arba'in ne kawai, Misye. Kuma wallahi kumfar ta tashi, na gani ta taga."

Alhaji ya miƙa masa hannu. "In an yi arba'in ka zo ka ɗauki iyalinka. Ka zo a jirgi. Kada ka taho da babur."

Kwana biyu ba a ga Razak a majalisa ba, har aka fara cewa ko a je a duba shi. Ran na uku sai ga shi bayan la'asar, laktaye sabo, ya ja benci ya zauna a tsakiya. Wani ya fara yi masa jaje. Ya ɗaga hannu.

"Jajen me? Duk kuna wurin. Mutumin da ya yi shekara sittin cikin madara ya ɗanɗana ya ce da daɗi. Kuskuren ɗaya ne, babur ba shi da nutsuwa, taya gare shi, dole ya so tafiya. Abin da ake buƙata inji ne da aka ƙera don juya ruwa." Ya gyara zama, ya rage murya. "Na riga na yi magana da wani masunci a Deido. In Allah ya kawo na biyu, zai ba ni aron injin kwalekwalensa."

Ɓoɓɓo ya tashi ba tare da sallama ba, ya tura babur ɗinsa ya yi gaba. Liman ya lalubi takalmansa ya sa, ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"Allah ya kawo masu albarka," in ji shi. "Amma ranar, a ɗauko mini jaririn a kawo masallaci. In ya so ku ku nutse."